Yadda Kiristocin Sakkwato ke renon matasa ta hanyar yi wa wasu addu'a

A duk ranar Lahadi, a babban cocin Katolika na Holy Family da ke kan titin Ahmadu Bello a birnin Sakkwato, akwai lokacin da jama'a ke miƙewa tsaye bayan wa'azi domin gabatar da roƙe-roƙe ga Allah. Tsarin roƙon sananne ne: a fara da ikilisiya, sai masu mulki da zaman lafiyar duniya, sai marasa lafiya da waɗanda ke cikin ƙunci, kafin a zo kan buƙatun mutanen wurin. Wato mai addu'ar shi ne na ƙarshe a layi.

Wannan shi ne abin da Kirista ke kira addu'ar roƙo domin wasu, kuma a Birnin Shehu, inda mabiya addinin Kirista suke ƴan tsiraru, ta zama makarantar da manya ke horar da na baya.

Tushenta na cikin Littafi Mai Tsarki. Wasiƙar Bulus ta farko zuwa ga Timoti ta umarci masu bi su riƙa yi wa kowa addu'a, har da sarakuna da masu riƙe da iko, domin a samu zaman lumana. A Linjilar Matiyu kuwa an ƙara da abin da ya fi nauyi, wato yi wa wanda ya cuce ka addu'a. Malaman coci kan ɗauki wannan a matsayin ma'aunin girma cikin bangaskiya. Yaro na iya haddace addu'o'i cikin ƴan watanni, amma kai shi matsayin da zai roƙa wa maƙiyinsa alheri aiki ne na shekaru.

Bishop-bishop na Katolika a Najeriya sun ba wannan al'ada fuska ta ƙasa a 1995, zamanin mulkin Janar Sani Abacha, lokacin da suka tsara wata addu'a ta musamman domin Najeriya da ke cikin ƙunci. Har yanzu ana karanta ta a coci-coci da dama.

Su wa ke renon?

Limaman cocin ba su da yawa, ƙasar kuma tana da faɗi. Yankin Katolika na Sakkwato, wanda limaman Dominikan daga Amurka suka kafa harsashinsa a farkon shekarun 1950 ya kuma zama cikakken dayosis a 1964, ya daɗe yana haɗe da jihohin Sakkwato da Zamfara da Katsina da wani sashe na Kebbi. Fada ɗaya kan kula da ƙauyuka da yawa, wasu sai ya yi makonni bai leƙa su ba.

Saboda haka nauyin ya faɗa kan katikis, wato malamin da ke koyar da sababbin masu bi, yake jagorantar addu'a idan fada ba ya nan, yake zuwa gidan rasuwa da gadon marar lafiya. Akwai kuma uwar baftisma da uban baftisma, waɗanda ke ɗaukar alkawarin bin sawun yaron har ya girma. Wasu na riƙe alkawarin da gaske, wasu kuwa daga ranar biki shi ke nan.

Sai dai duk wanda ya san coci-cocin Arewa ya san cewa babu ƙungiyar da ta kai Zumuntar Mata tasiri. Ana samun ta a ECWA da Katolika da Angalikan da Baftis, da zannuwansu iri ɗaya da waƙoƙinsu na Hausa da ake rerawa da kiɗan tulu. A taronsu na mako-mako ne ake ambaton sunan wadda ke naƙuda, da wadda mijinta ya rasa aiki, da wadda aka sace ɗanta a hanya, a yi musu addu'a, sannan a yi karo-karo a kai musu ziyara. Amarya kan shiga hannun wata dattijuwa da za ta riƙa jan ta a jiki, kamar yadda wasiƙar Bulus zuwa ga Titus ta ɗora wa tsofaffin mata koyar da ƙanana. A nan addu'a da tarbiyya ba sa rabuwa: yarinyar da ta ji uwarta tana roƙa wa maƙwabciya sauƙi, gobe kuma ta ga an aike ta da kwanon abinci gidan, ta riga ta ɗauki darasin.

Wani abin lura shi ne kalmar da suke amfani da ita. Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda aka fara buga cikakkensa a 1932, almajirai yake kiran mabiyan Yesu, shi ya sa Kiristocin Arewa ke kiran wannan reno almajirantarwa. Ba baƙuwar kalma ba ce a garin da aka gina kan zaman ɗalibi a gaban malami.

Lokacin da aka gwada darasin

A ranar 8 ga Janairun 2020 ƴan bindiga suka shiga makarantar horar da limamai ta Good Shepherd da ke Kaduna suka sace ɗalibai huɗu. An sako uku. Na huɗun, Michael Nnadi, mai shekara 18, wanda dayosis ɗin Sakkwato ya tura karatu, gawarsa aka tsinta. Bishop Matthew Hassan Kukah, wanda ke jagorantar dayosis ɗin tun 2011, shi ya yi wa'azi a jana'izarsa a watan Fabrairu. Ya soki gwamnati da kakkausar murya, amma ya ja kunnen mabiyansa cewa ramuwa ba hanyarsu ba ce.

A Mayun 2021 aka kashe Fada Alphonsus Bello a Malumfashi. Shekara guda bayan haka aka sace wasu limamai biyu a Gidan Maikambo da ke ƙaramar hukumar Kafur, suka yi kusan wata guda a daji kafin a sako su. A irin waɗannan lokuta ofishin dayosis kan fitar da sanarwa yana neman a sa waɗanda aka sace cikin addu'a.

Gwaji mafi tsanani a cikin birnin kansa ya zo ne a Mayun 2022. A ranar 12 ga watan aka kashe Deborah Samuel, ɗaliba a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari, bisa zargin ɓatanci ga Annabi Muhammad (SAW). Fadar Sarkin Musulmi ta yi tir da kisan. Kwana biyu bayan haka zanga-zangar neman a saki waɗanda aka kama ta rikiɗe, aka farfasa tagogin cocin Holy Family, aka kai hari cocin St Kevin da ke Gidan Dare. Gwamna Aminu Waziri Tambuwal ya sa dokar hana fita, Bishop Kukah kuma ya dakatar da taron ibada a birnin, ya nemi Kiristoci su kwantar da hankali su yi addu'ar dawowar zaman lafiya.

Ba kowa ne wannan kira ke gamsarwa ba. Akwai matasan Kirista, musamman a shafukan sada zumunta, da ke ganin cewa yawan cewa a yi addu'a ya zama hanyar rufe bakin wanda aka zalunta. Ƙorafin yana da nauyi, domin addu'a ba ta gurfanar da mai laifi a gaban kotu. Amma tarihin Kukah kansa ya nuna ba dole ba ne a zaɓi ɗaya a bar ɗaya: mutumin da ke cewa a roƙa wa shugabanni alheri shi ne ke caccakarsu a saƙonninsa na Kirsimeti da Ista, shi ne kuma ke zama da Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar a Kwamitin Zaman Lafiya na Ƙasa da Janar Abdulsalami Abubakar ke shugabanta.

Wahalar da ta rage ita ce ta masu renon. Rashin tsaro ya sa wasu iyalai barin ƙauyuka, ma'aikata da ƴan kasuwa kuma kan koma garuruwansu bayan ƴan shekaru, sai yaro ya rasa wanda ya fara jan hannunsa.

Duk da haka aikin ya yi ƴaƴa a inda ya daɗe. A Oktoban 2023 Fafaroma Francis ya cire Katsina daga Sakkwato ya mai da ita dayosis mai zaman kanta, ya naɗa Gerald Mamman Musa bishop ɗinta na farko. Bahaushe ne ɗan yankin Malumfashi, kuma mahaifinsa katikis ne.