Yadda Na Gano Ciwon Kwamfutar Babanmu

A hutun da ya wuce, da na koma gida, na tarar an ɗora wa Autanmu laifi. Kwamfutar tafi-da-gidanka ta Baba ta yi kwana uku ba ta kama waifai na gida ba, aka ce wai shi ya yi wasa da ita. Ga shi kuwa Baba yana da sakamakon jarrabawar ɗalibansa da zai aika kafin Jumma'a. Har ya ware kuɗin mai gyara, sai na ce, "Baba, a ba ni zuwa la'asar in gwada abin da aka koya mana." Ya ce, "To, amma kada ki ƙarasa ta."

'Yan'uwana ɗalibai, in irin wannan ta faru, ciwon yana ɗaya daga wurare uku: ko kamfanin da ke ba da sabis, ko rawuta, watau ɗan akwatin nan mai watsa intanet cikin gida, ko kuwa kwamfutar kanta. Don haka na fara da aron wayar Inna. Ta kama, shafi ya buɗe. Ke nan akwai data, akwai sabis.

Sa'an nan na koma kan kwamfuta. Na duba ko an taɓa alamar jirgin sama, domin ita takan kashe waifai gaba ɗaya, kuma nan ne yara suka fi yin ɓarna. Lafiya lau. Na zare rawuta daga wuta, na ƙirga talatin, na mayar. Shiru. Da a ce kalmar sirri take ƙi, da sai in sa ta manta da tsohuwar, in sake rubutawa ina lura da manya da ƙananan baƙaƙe.

Amma ba mu ma kai nan ba. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, sunayen waifai na maƙwabta har guda biyu sun fito a jeri, namu kuwa da ke kan tebur ɗaya da ita babu shi. Kwamfutar da ke jin maƙwabta ai ba kurma ba ce. Sai na tuna cewa rawuta na zamani kan yi magana a kan zango biyu, 2.4 da 5 gigahaz. Na 5 ya fi sauri, amma ba ya nisa, bango kan rage masa ƙarfi. Na 2.4 ya fi ratsa bango, kuma shi kaɗai tsofaffin kwamfutoci da yawa suke ji. Ta Baba kuwa tsohuwa ce ƙwarai, tun ina aji ɗaya na firamare nake ganinta.

Na tambayi Yaya ko ya taɓa wani abu. Ya yi ta sosa ƙeya, daga baya ya ce ya rufe na 2.4 ya bar na 5, don kallon ƙwallo ya daina tsinkewa a wayarsa. Muka juya rawuta, muka ga adireshin shiga a rubuce a ƙasanta, 192.168.0.1. Na wasu yakan bambanta, sai kowa ya duba nasa. Muka rubuta shi a wayar Yaya, muka shiga, muka kunna zangon da ya rufe. Ba a yi minti biyu ba sunan ya bayyana, na sa kalmar sirri, ta kama.

Baba ya aika da takardunsa daren Alhamis. Kuɗin gyara kuwa ya ce a raba tsakanina da Auta, wanda har na komo makaranta bai daina hararar Yaya ba.