KALMA ƊAYA, MA'ANA BIYU: ABIN DUBAWA A TAKARDAR CINIKI

A da can, manomin fadamar Auyo ba ruwansa da takarda. In Kogin Haɗeja ya cika da damina ya janye, sai ya bi danshi ya yi shuka, abin da ya girba kuwa tsakaninsa da mudu ne da mai awo. Yanzu zamani ya sake. An gama madatsar Tiga a 1974, ta Challawa a 1992. Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aka kafa a 1976, ta jawo ruwa ta magudanai zuwa gonaki. A farkon 2023 kuma aka buɗe aikin noman rani na Kwarin Haɗeja a Auyo, bayan an gyara shi da taimakon Bankin Duniya.

Tare da ruwan nan takardu suka shigo: takardar taki, takardar rance, rasit na ƙungiya, takardar mai sayen shanshera. Yawancinsu da Turanci ne. Tun da Babban Bankin Nijeriya ya ƙaddamar da shirin Anchor Borrowers a Kebbi a 2015, manoman shinkafa da yawa suka san karɓar kayan noma bashi, a biya bayan girbi. A irin wannan ciniki akwai kalma guda da ya kamata kowane manomi ya sani, watau "deduction".

TUSHE ƊAYA, RASSA BIYU

Turawa suna da kalmomi biyu masu kama da juna kamar tagwaye. Ta fari ita ce "deduct", ma'anarta a cire, a ɗebe, ko a zabtare wani abu daga jimla. Ta biyu ita ce "deduce", ma'anarta mutum ya bi abin da ya tabbata da shi daki-daki har ya kai ga abin da ba a faɗa masa ba. Dukansu daga kalmar Latin guda suka fito. Abin da ke rikita mutane shi ne, in za a ambaci sunan aikin, kowaccensu "deduction" ake cewa. Yaron da ke sakandare ya koye ta da ma'anar aiki da hankali. Mahaifinsa kuwa a gindin rasit yake gamuwa da ita, inda take nufin abin da aka yanke masa.

Kada mu yi wa Turawa dariya, gama mu ma muna da irinta. In aka ce "kuɗin ruwa", me ake nufi? Riba a kan bashi, ko kuɗin da ake biya domin ruwan ban gona? A Auyo duka biyu suna iya zuwa a takarda guda. Saboda haka wanda aka fassara masa ya tambaya, wanne daga ciki?

Akwai waɗansu kalmomi huɗu da ke tafiya tare da ita. "Gross" ita ce jimla tun ba a taɓa ta ba. "Less" tana sanar da cewa abin da ke biye cirewa za a yi. "Net" shi ne abin da ya rage, wanda zai shiga aljihu. "Discount" kuwa rangwame ne. In kai ne mai saye, rangwame alherinka ne. In kai ne mai sayarwa, aka ce an yi shi domin danshi ko tsakuwa, to daga jikinka ya fita.

BARI MU YI LISSAFI

Ga misali, ba farashin kasuwa ba ne. A ce mutum ya kai shanshera buhu 20, kowane buhu a kan N40,000. Jimla N800,000 ke nan. Ya karɓi taki da iri da maganin feshi bashi na N200,000, aka shirya a kan zai ƙara kashi 10 cikin ɗari. Da aka ba shi takarda sai ya ga an cire N200,000, an kuma cire N80,000, aka miƙa masa N520,000.

A nan ne ma'ana ta biyu take da amfani. Ya zauna ya yi tunani hawa uku. Na ɗaya, an shirya cewa ribar a kan bashi take. Na biyu, bashin N200,000 ne. Saboda haka ribar N20,000 ce, abin da ya kamata ya karɓa kuwa N580,000. To ina N80,000 ta fito? Kashi 10 ne na jimlar cinikin duka. An ɗora ribar a kan amfanin gona maimakon bashi. Bambancin N60,000 ne, watau buhu ɗaya da rabi, abincin gida na makonni.

Tambayar da ta ceci wannan mutum gajeriya ce: kashi goma na me?

BA BAƘON ABU BA NE

Kada wani ya ce wannan aikin 'yan boko ne. Manoman fadama sun daɗe suna yin sa. In aka ji an yi ruwa mai yawa wajen Kano, aka kuma saki ruwa daga Tiga da Challawa, dattijo a Auyo ya san kogi zai ƙaru nan da kwanaki, ko da sararin garinsu garau yake. In ruwa ya ƙi isa gonakin ƙarshe alhali magudana cike take daga sama, ya san akwai inda kacala ta toshe hanya ko inda bakin magudana ya fashe. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Hankalin da ke karanta kogi shi ne zai karanta rasit.

Amma a lura, irin wannan tunani ba ya tsayawa sai tushensa gaskiya ne. In mutum bai tabbata da abin da aka shirya tun farko ba, duk lissafinsa gini ne a kan yashi. Shi ya sa ranar karɓar bashi ta fi ranar biya muhimmanci.

ABIN YI

Kafin ka dangwala yatsa, a karanta maka takardar duka, a faɗa maka kowane abin da za a cire da adadinsa. Ka sa ɗanka ko 'yarka mai zuwa makaranta su rubuta shi da Hausa a littafi, da kwanan wata, gaban shaida. Ka tsaya a wurin awo da kanka. Ranar biya ka nemi a jera maka abin da aka cire ɗaya bayan ɗaya, kada a dunƙule su.

In lissafi bai yi daidai ba, kada ka fara da zargi. Sau da yawa kuskure ne na akawu mai jama'a a kansa. Ka ce, "Malam, don Allah a sake duba mini layin nan." In abin ya faskara, ka kai wa shugabannin ƙungiyarku ta masu amfani da ruwa, gama muryar mutum goma ta fi ta ɗaya.

Malaman makaranta da masu koyar da yaƙi da jahilci kuma su taimaka. Tsohon rasit guda ya isa darasin Turanci da na lissafi gaba ɗaya. Allah ya ba mu noma mai albarka.