Kakan Wel da Aka Tono a Ameki

A cikin dukan dabbobin duniya babu wadda ta kai wel girma. A teku take zaune, kuma siffarta ta kifi ce, har mutane da yawa suna ce mata kifi. Amma ba kifi ba ce. Haihuwa take yi, tana shayar da 'ya'yanta nono, kuma tilas ta taso saman ruwa ta shaƙi iska, kamar yadda ayu yake yi a kogin Binuwai. To, ta yaya dabba mai shayarwa ta koma zama a teku? Wani ɓangare na amsar yana nan ƙasarmu Nijeriya.

A zamanin mulkin Turawa an shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga Fatakwal zuwa Inugu domin ɗauko kwal. A Ameki, cikin Jihar Abiya ta yanzu, hanyar ta ratsa tudu, aka yanke ƙasa da zurfi. A nan ne aka sami wani babban muƙamuƙi da ya zama dutse, da haƙora a jikinsa. Aka aika da shi Landan, inda wani masani mai suna Charles Andrews ya yi nazarinsa. A shekarar 1920 aka buga bayaninsa, ya raɗa wa dabbar suna Pappocetus lugardi. Kalmar farko tana nufin "kakan wel", ta biyu kuwa daga sunan Gwamna Lugga aka ɗauko ta. Shekarun dabbar sun kai kimanin miliyan 40. A wancan lokaci teku ne ya rufe yankin Ameki, shi ya sa har yau ake samun kwanson dodon koɗi na teku da haƙoran kifi a cikin ƙasar wurin.

Wataƙila ɗalibi ya tambaya: yaya za a gane dabba daga muƙamuƙi kawai? Haƙori ne babban mai ba da shaida. Haƙoran kada kusan iri ɗaya ne daga gaba har baya, kowanne da saiwa guda. Na dabba mai shayarwa kuwa sun bambanta: akwai na gaba, da fiƙa, da turame, kuma turamen suna da saiwa biyu ko fiye. Rashin lura da wannan ya taɓa jawo kuskure. A 1834 wani masani a Amurka ya ga ƙasusuwan wata tsohuwar wel, ya ɗauka na ƙaton ƙadangare ne, ya sa mata suna Basilosaurus, wato "sarkin ƙadangaru". Bayan 'yan shekaru Richard Owen na Ingila ya duba haƙoran, ya nuna cewa na dabba mai shayarwa ne. Duk da haka sunan bai canza ba, domin a ƙa'idar masana sunan da aka fara bayarwa shi ne yake zama.

A yau masana suna sanya Pappocetus cikin dangin da suke kira Protocetidae. An sami cikakkun ƙasusuwan wasu 'yan wannan dangi a Pakistan, irin su Rodhocetus da Maiacetus, aka ga suna da ƙafafu huɗu. Suna iyo su kama kifi, kuma ga alama sukan fito gaɓar teku. A ƙasar Togo ma an tono wani ɗan uwansu, aka ba shi suna Togocetus a 2014.

Shaida mafi ƙarfi ta fito a 2001, daga wani ɗan ƙaramin ƙashi na idon sawu. Wanda aka samu a jikin tsofaffin wel na Pakistan yana da irin siffar da ake gani a ƙafar akuya da saniya da raƙumi. Saboda haka masana suka haɗa wel da dabbobi masu rababben kofato a rukuni ɗaya. A cikin dabbobin da suke raye yau, dorina ce 'yar uwarta mafi kusa.