Mai Santsi da Mai Kaushi: Wace Tsirkiya Ta Fi Ƙarko a Jitar Bes?

Duk wanda ya taɓa riƙe jitar bes, babbar jitar nan mai kaurin murya da ke riƙe gindin kiɗa, ya san tsirkiyoyinta suna cin kuɗi. Shi ya sa kafin ya zaro kuɗinsa yakan tambaya: wacce ta fi daɗewa? Iri biyu ne suka cika kasuwa, kuma kowacce tana da zaren ƙarfe a tsakiya wanda aka naɗe da wani ƙarfen. A wajen naɗin suka rabu. Ɗaya da mulmulalliyar waya aka naɗe ta, in ka shafa sai ka ji kaushi a yatsa. A kwalinta ana rubuta roundwound. Ɗayar da lafaffen ƙarfe aka naɗe ta, aka goge har ta yi santsi. Ita ce flatwound.

Mai santsi ce babbar yaya. Da irinta kamfanin Fender na Amurka ya fito da jitarsa Precision Bass a 1951. Mai kaushi kuwa ta yi tashe ne daga 1966, lokacin da kamfanin Rotosound na Ingila ya haɗa kai da John Entwistle na ƙungiyar The Who, wanda ke neman amo mai kaifi irin na fiyano. Kaifin nan shi ne jarinta, kuma shi ne yake fara gudu.

Ka sa tsumma fari a ƙarƙashin mai kaushi da ta yi wata biyu tana aiki, ka ja. Baƙin layin da zai fito zufa ce da maiƙon hannu da dattin fata da ƙura, duk sun samu maɓoya a tsakanin naɗin. Da zarar ramukan sun cika, tsirkiyar ba ta ƙara karkarwa yadda ta saba, sai amon ya dushe. Makaɗin da ke aiki kullum, musamman mai yawan zufar hannu, yakan ji canjin cikin 'yan makonni. Wasu sukan kwance ta su tafasa a tukunya don dattin ya fita. Takan farfaɗo, amma na ɗan lokaci ne.

Mai santsi ba ta da irin waɗannan ramuka, don haka shafa ɗaya da tsumma bayan kiɗa ya ishe ta. Tana sabuwa takan yi 'yar ƙarar ƙarfe, bayan wani lokaci ta kwanta, ta koma amo mai kauri da taushi, a nan kuma take zama shekara da shekaru. James Jamerson, wanda ya kaɗa bes a tarin waƙoƙin kamfanin Motown a birnin Detroit, masu santsi na kamfanin La Bella yake ɗaurawa, kuma an san shi da ƙin canza su sai in ɗaya ta tsinke. A wurinsa da tsohuwar zuma ake magani.

Ƙarkon jitar kanta ma yana cikin lissafi. Mai kaushi tana cin ƙarafunan da ke jere a wuyan jita kamar zarto, sannu a hankali. Jaco Pastorius, da ya cire ƙarafunan jitarsa amma bai yarda ya rabu da masu kaushi ba, sai da ya shafe katakon da wani ƙaƙƙarfan gam irin na jirgin ruwa don kada su ƙwaƙule shi. Mai santsi ba ta yin wannan ɓarna sosai.

Sai dai ita ma da nata aibin. Ta fi tsada a sayen farko. Yawancinsu sun fi tauri, suna jan wuyan jita da ƙarfi, har sai an sake saita sandar ƙarfen da ke cikinsa. Ba ta son lanƙwasa mai tsanani: in aka naɗe lafaffen ɓangarenta a kunnen jita maimakon bakin da ke da zare, tana iya warwarewa tun ranar farko. Kuma ita ma tana tsufa; in ƙasanta ya lotsa daidai inda ake dannawa, sai ta daina faɗin sauti daidai, to ranar ritaya ta zo.

Akwai kuma Steve Harris na ƙungiyar Iron Maiden. Masu santsi na Rotosound yake amfani da su, amma yana yawan sabunta su, domin 'yar ƙarar nan ta sabunta ita yake so. A hannunsa tsirkiyar da wani zai yi shekara biyar da ita ba ta ganin wata guda.

Ke nan kunnen makaɗi ne ke yanke wa tsirkiya ajali, ba ƙarfen kaɗai ba. Mai son amo mai kaifi da tsalle, ya sayi mai kaushi, ya kuma ware kuɗin canji a kai a kai. Mai son kauri irin na Motown ko na rege, ya daure ya biya tsadar mai santsi sau ɗaya, ya ajiye tsumma a jakar jitarsa.