An yi wa laftof fomatin, Wi-Fi ya ɓace: tsaya kafin ka sake biyan kuɗin gyara

A shagunan kwamfuta na Beirut Road da na cikin Sabon Gari, kusan kowace irin cuta ta laftof magani ɗaya ake fara rubuta mata: fomatin. Ta yi nauyi? A yi mata fomatin. Ta kwaso bairos? Fomatin. An manta fasuwod? Fomatin ɗin dai. Mai gyara zai zura filash ɗinsa, cikin awa ɗaya ko ƙasa da haka sabon Windows ya hau, allo tas, ka biya ka kama hanyar gida kana jin kamar sabuwa ka saya.

Sai an je gida labari yake canzawa. Alamar Wi-Fi babu ita a ƙasan allo. Ko sauti ya ɗauke. Ko hasken allo ya ƙi raguwa, yana ta shanye batirin da dama lallaɓa shi ake yi. Wata kuma kyamara ce ta daina nunawa, ga ganawa ta Zoom washegari. Ɗalibin da ke tsakiyar rubuta furojet, wanda sufabaiza ya ba shi zuwa Litinin, nan take zai yanke hukuncin cewa an lalata masa kwamfuta ko an sauya masa kaya a shago. Sauya kaya yana faruwa, ba a musu. Amma a mafi yawan irin wannan yanayi babu abin da ya lalace. Direba ne babu.

Sunan yana ba mutane dariya, domin da an ce direba sai a tuno ɗan sahu ko mai bas ɗin 'Yankura. A kwamfuta, direba wata ƙaramar manhaja ce da ke aikin tafinta tsakanin Windows da kowane ƙarfe da ke cikin na'urar: katin Wi-Fi, na sauti, na hoto, wurin shafa yatsa, kyamara, Bluetooth. Windows na Microsoft ne, amma katin Wi-Fi ɗin watakila na Intel ne ko Realtek ko Broadcom, kuma kowanne da yarensa. Fomatin yana share Windows ne tare da duk waɗannan tafintoci. Sabon Windows yana zuwa da wasu a jikinsa, sauran sai ya hau intanet ya ɗauko. To idan wanda ya ɓace na intanet ɗin ne fa? Nan ne gizo ke saƙa.

Me ya sa abin ya fi kama mu

Laftof ɗin da ke hannun yawancin ɗaliban BUK da Poli da sauran makarantun Kano ba daga kwali aka fiddo ta ba. Ta hannu ce, irin waɗanda ofisoshin Amurka da Ingila suka gama amfani da su aka yo lodinsu zuwa Legas, daga Computer Village ta Ikeja ko Alaba su iso Fagge: HP EliteBook, Dell Latitude, Lenovo ThinkPad. Kwamfutoci ne masu ƙwari, wannan kam. Sai dai kafin ta iso hannunka ta bi ta hannu uku ko huɗu. Wani ya sauya allo, wani ya ciro katin Wi-Fi daga gawar wata ya saka mata, wani ma murfin ƙasan gaba ɗaya na wata ce aka ɗaura. Saboda haka takardar da ke manne a bayanta ba kullum take faɗin gaskiyar abin da ke ciki ba. Ko da ba a taɓa ta ba ma, kamfani ɗaya kan fitar da samfuri ɗaya da katin Wi-Fi iri biyu ko uku, ya danganta da wanda ya yi oda.

Sai kuma batun shi kansa Windows ɗin da ake ɗorawa. Filash ɗin wasu masu gyara yana ɗauke da irin wanda aka rage wa kaya don ya yi sauri a tsohuwar kwamfuta, wanda suke kira lait. Daga cikin kayan da ake zubarwa har da direbobi, wani lokaci kuma a kashe Windows Update ɗungurungum, wato an toshe ƙofar da direbobin za su shigo da kansu.

Akwai kuma sabon dalili. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamar yadda ta yi wa Windows 7 a Janairun 2020. Wannan ya sa jama'a ke rububin Windows 11, wanda a ƙa'ida yake neman firosesar Intel ta zango na 8 zuwa sama da kuma TPM 2.0. EliteBook 840 G3 da Latitude E7470, waɗanda suka cika jakunkunan ɗalibai, 'yan zango na 6 ne. Masu gyara sun san dabarar tsallake sharaɗin, Windows 11 ɗin ya hau lafiya lau, amma kamfanin da ya ƙera kwamfutar bai fitar mata da direbobin Windows 11 ba. Abin da ke ceto shi ne direban Windows 10 mai 64-bit yakan yi aiki a 11 a mafi yawan lokuta. Don haka idan ka duba shafin kamfani ba ka ga 11 ba, ɗauki na 10.

Tambayi ƙarfen da kansa

Kafin komai, duba abu mai sauƙi: wasu laftof suna da maɓallin kashe Wi-Fi a gefe ko a saman kibod, wasu kuma sai an haɗa Fn da ɗaya daga cikin maɓallan F. Mutane sun sha hawa adaidaita zuwa Sabon Gari saboda maɓalli ɗaya.

Idan ba shi ba ne, danna maɓallin Windows da X tare, ka zaɓi Device Manager. Wannan shi ne rajistar duk ƙarafan da ke cikin kwamfutar. Duk wanda ba shi da direba za ka gan shi da 'yar alama mai ruwan ɗorawa, yawanci a ƙarƙashin Other devices. Sunayen da Windows ke ba su a nan na rainin hankali ne, amma suna da fassara. Network Controller shi ne katin Wi-Fi. Ethernet Controller shi ne ramin kebul ɗin intanet. SM Bus Controller na cifset ne, PCI Simple Communications Controller kuma galibi Management Engine na Intel ne. Idan a ƙarƙashin Display adapters ka ga Microsoft Basic Display Adapter, to shi ya sa haske ya ƙi raguwa, bidiyo ke sarƙewa, furojekta ta ƙi kamawa ranar difens.

Ga inda aikin yake. Danna dama a kan mai alamar, ka shiga Properties, sai Details, sai ka zaɓi Hardware Ids. Wani dogon rubutu zai fito mai kama da PCI\VEN_8086&DEV_ da wasu lambobi huɗu a gaba. Wannan lamba ba a kan takarda take ba, a cikin ƙarfen aka rubuta ta, don haka ba ta san ƙarya ba. Huɗun da ke bayan VEN su ne kamfanin: 8086 Intel, 10EC Realtek, 14E4 Broadcom, 168C Qualcomm Atheros, 10DE Nvidia, 1002 kuma AMD. Huɗun da ke bayan DEV su ne ainihin samfurin. Ɗauki hotonsa da waya, ka rubuta shi a Google yadda yake, sunan katin zai fito. Yanzu ka san abin da kake nema, ba lalube a duhu ba.

A ganina wannan 'yar lamba ita ce ta raba mai gyara da mai zura filash. Kuma ita ce hujjarka idan kana zargin an yi maka sauyi: da ka ɗauki hotonta kafin ka kai gyara, ka dawo ka ga wata daban, magana ta ƙare.

Ba kowace alama ce abin tayar da hankali ba. A HP akwai wata da ke fitowa da ACPI\HPQ6007, a Dell kuma SMO8810. Na'urar da ke jin faɗuwar laftof ce, don ta kare hadis mai juyawa daga lalacewa. Idan SSD ce a kwamfutarka, ko ka bar ta haka ba abin da zai same ka.

Intanet ba tare da Wi-Fi ba

Mafita tana aljihunka. Haɗa wayar Android da laftof ta kebul mai ɗaukar data, ba irin na caji kawai ba, ka shiga saitin hospot ka kunna USB tethering. Windows 10 da 11 sun san wannan hanya tun daga gida, ba sa neman ƙarin direba. Masu iPhone ne sai an fara saka manhajar Apple kafin ta yi. Dabarar tana amfani har a lokacin ɗora Windows 11, wanda kan kafe ya ce sai an ba shi intanet kafin ya ƙarasa.

Da intanet ya samu, buɗe Windows Update ka bar shi ya yi aikinsa, sannan ka leƙa Optional updates, domin can yake ɓoye wasu direbobin. Amma fa a sani, yana shan data ba kaɗan ba, kuma tun da NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a farashin kira da data a Janairun 2025, ba wanda ke kyauta da gigabait. Wanda kwandonsa bai da yawa gara ya sauke direban Wi-Fi kaɗai a waya, ya tura ta kebul, sauran ya jira garaɓasar dare ko Wi-Fi na makaranta.

Wurin saukewa shi ne shafin kamfanin da ya ƙera laftof ɗin. Dell na tambayar Service Tag, haruffa da lambobi bakwai. HP da Lenovo na tambayar siriyal lamba. Tunda murfi na iya zama na aro, fi aminci ka duba lambar a cikin BIOS. Idan abin da shafin ya ba ka bai dace da lambar VEN ɗin da ka gani ba, bi lambar, ka nufi shafin Intel ko Realtek kai tsaye. Fara da cifset, sannan hoto, sauti da sauran, kana kashewa da kunnawa a tsakani.

A wannan shafi za ka ga an jera sabunta BIOS tare da direbobi. Wallahi a yi hattara. Idan wuta ta ɗauke yana tsakiyar aiki, batirin kuma dama ba ya riƙe minti goma, laftof ɗin na iya ƙin tashi kwata-kwata. A garin da Nepa ba ta sallama kafin ta tafi, wanda bai da ƙwaƙƙwaran dalili ya ƙyale shi.

Su kuma manhajojin nan da ke alƙawarin saka duk direbobi da dannawa ɗaya, waɗanda a shago ake kira direba fak, suna da ranarsu ga mai gyaran da ke karɓar kwamfuta goma a wuni. Matsalar ita ce da yawansu kan shigo da baƙin da ba a gayyata ba: sabuwar burauza, anti-bairos na gwaji, tallace-tallace. Wani lokaci kuma su ɗora direban da ya yi kusa amma bai dace ba, sai shuɗin allo ya fara bayan kwana biyu. Shafukan da ke cewa ka biya da kati kafin ka sauke direba kuwa, rufe su kawai. Direba kyauta ne.

Masu sababbin laftof ma ba su tsira ba. A wasu masu firosesar Intel ta zango na 11 zuwa sama, ana tsakiyar ɗora Windows sai ya ce bai ga hadis ba sam. Kafin wani ya sayar maka da sabuwar SSD, a gwada saka direban Intel Rapid Storage a filash ɗin a loda shi daga nan.

Minti biyar kafin fomatin

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne duk wannan wahala tana da rigakafi, kuma ba kasafai ake yin sa ba. Matuƙar tsohon Windows yana tashi, ana iya kwashe direbobinsa gaba ɗaya. Zura filash, ka buɗe folda mai suna direbobi a ciki. Buɗe Command Prompt a matsayin administrator, ka rubuta pnputil /export-driver * E:\direbobi, ka sauya E da harafin filash ɗinka. Zai kwafe su ɗaya bayan ɗaya. Bayan fomatin, a Device Manager ka danna Update driver a kan kowane mai alama, ka zaɓi Browse my computer, ka nuna masa foldar. Ba data, ba Google, kuma direbobin su ne dai waɗanda suke aiki da ƙarafan da ke cikin kwamfutarka, ko na asali ne ko na aro.

Wanda zai kai shago kuma, ke ko kai, kada a karɓi laftof a tsaye. A zauna a benci, a ce, "Oga, buɗe min Device Manager in gani." A kunna hospot a ga ta kama, a saka waƙa ko karatu a ji sauti ta sifika da ta iyafis, a rage haske, a buɗe kyamara, a gwada kowane ramin USB. Ƙwararrun cikinsu, kuma suna da yawa a Fagge da Sabon Gari, ba sa jin haushin wannan. Wasu ma su za su fara nuna maka. Idan an tabbatar katin Wi-Fi ɗin ne ya mutu da gaske, wato ko sunansa ba ya fitowa a rajistar bayan an cire an mayar, a irin su EliteBook da Latitude ɗan kati ne mai ƙusa ɗaya da wayoyin eriya biyu, ana samun na hannu a layin. Ɗan Wi-Fi na USB ma zai fitar da kai, sai dai shi ma wani lokaci da nasa direban yake zuwa a kan ɗan faifan CD, alhali laftof ɗin ba ta da wurin saka faifai. A sa mai shagon ya ɗora shi a gabanka kafin ka miƙa kuɗi.