Mene ne hawan dutse don tara kuɗin agaji?

Tafiya ce a ƙafa zuwa ƙololuwar dutse, inda 'yan uwa da abokai ke alƙawarin ba da kuɗi don marayu ko marasa lafiya, albarkacin wahalar mahayin. Kilimanjaro na Tanzaniya, mai tsayin mita 5,895, yana cikin waɗanda aka fi zuwa. Hawansa kan ci kwana 5 zuwa 9, kuma dole sai da ɗan jagora. Can sama numfashi kan yi wuya, har ƙaƙƙarfa ya sare.

Matashi mai wannan niyya, gara ya fara gwada ƙafarsa a dutsen Kufena na Zariya. Mai bayarwa kuwa, kada ya ji nauyin tambayar nawa zai isa hannun mabuƙata bayan an cire kuɗin jirgi da masauki.