Masaukin Maigida a Sabon Ibadan: Gidan da Baƙo Ba Ya Biyan Kuɗin Ɗaki

Duk wanda ya san Sabo ta Ibadan, kusa da Mokola, ya san tsofaffin gidajen nan masu faffaɗan zaure da jerin ƙananan ɗakuna. Yaran yanzu sun ɗauka gidajen haya ne tun asali. A'a, da yawansu masaukin fatake ne, kowanne a hannun iyali guda.

An kafa unguwar a 1916, 'yan shekaru bayan layin dogo ya haɗa Legas da Kano. Shanu na gangarowa Kudu, goro na hawa Arewa, kuma duka biyun kaya ne marasa jira. Saniya in ta daɗe a kurmi, ƙudan tsando ya kashe ta. Goro in ba a kula da shi ba, ya bushe ko ƙwaro ya shige shi. Ga falke bai iya Yarabanci ba, bai san wa zai ba bashi ba. To, a nan maigida, wanda wasu ke kira fatoma, ya shigo.

Shi zai sauke baƙo, ya ba shi ɗaki da tuwon dare, ya ajiye masa kuɗinsa, ya haɗa shi da dillali. Ba a biyan kuɗin kwana. Ribar maigida tana cikin la'adar ciniki. Babban aikin kuwa lamuni ne: mahautan Yarabawa kan ɗauki shanu bashi, maigida ya tsaya. In mahauci ya gudu, shi zai biya daga aljihunsa, don in labari ya kai Kano cewa kuɗin baƙo ya salwanta a gidan wane, shi ke nan, gidan ya mutu. Wani mai bincike, Abner Cohen, ya zauna a Sabo a farkon shekarun 1960, ya fitar da littafi a 1969 da ya bayyana wannan tsari dalla-dalla.

Aikin na gida ne gaba ɗaya. Matan maigida na cikin kulle, amma tukunyarsu ce ke riƙe da baƙi, ko da yake ba kasafai ake ambatonsu ba in ana ba da tarihi. Yaran gida su tarbi baƙo a tasha, su bi bashi, su kwana gadin kaya.

Wajen gado ne ake samun tangarɗa. Gini ana rabawa, amma amanar fatake ba ta shiga rabo. Sau da yawa in maigida ya rasu, baƙin sai su bi babban yaronsa da suka saba da shi, 'ya'yan cikinsa su tashi da ɗakuna babu masu kwana.

Yau tirela ta karɓe aikin jirgi, falke na tura kuɗi ta waya, ya yi ciniki ya juya ba tare da ya shimfiɗa tabarma ba. Shi ya sa aka mayar da ɗakunan na haya ko shaguna. Abin da ya fi damuna shi ne takardu. Akwai gidajen da har yanzu sunan kaka ne a kan takardar, magada sun kai jikoki da tattaɓa kunne, wasu a Kano, wasu a Agege, ba wanda ya san a wane akwati take. Ranar da ɗaya ya ce a sayar, daga nan sai kotu.